Tsuntsayen da Suka Yi Wuyar Gani: Tambayoyi da Amsoshi Kan Inda Za a Same Su a Farkon Damina

Masu fita kallon tsuntsaye suna ƙaruwa a ƙasar Hausa, musamman ɗaliban jami'a da matasa masu kyamara. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas sai tambayoyi iri ɗaya su riƙa dawowa: ina za a je, me za a gani, kuma ko fitar ma tana da amfani tun da baƙin tsuntsaye sun koma. Ga tambayoyin da aka fi yi game da watannin Mayu, Yuni da farkon Yuli.

Ba da hunturu ake kallon tsuntsaye ba? Me ya rage a gani a farkon damina?

Gaskiya ne, agwagin daji da tsuntsayen bakin ruwa da ke zuwa daga Turai su cika fadamun Haɗeja da Nguru tsakanin Nuwamba da Fabrairu sun tashi. Kafin ƙarshen Afrilu yawancinsu sun ƙetare Sahara. Amma akwai wata ƙaurar da ba a cika maganarta ba, wadda ake yi a cikin Afirka kanta, ita ce bin ruwa. Damina daga kudu take hawowa. Jos kan samu ruwa tun a Afrilu, Kano sai ƙarshen Mayu zuwa Yuni, su Nguru da Damagaram kuwa wani lokaci sai an shiga Yuli. Duk inda ruwan ya sauka ciyawa ta tsiro, fara da tsutsa da gara suka fito, tsuntsaye na biye a baya.

Saboda haka wanda ya fita a wannan lokaci tsuntsayen ƙasarsa zai gani, kuma a lokacin da suka fi bayyana kansu. Suna kuka tun asuba, suna jigilar ciyawar sheƙa, mazan wasu na sauya riga. A ganina duk mai son ya san tsuntsayen arewa da gaske, a wannan lokaci ya kamata ya fara, don tsuntsun da ke kuka ya fi saurin shiga ido a kan wanda ya yi shiru cikin ganye.

Wane irin tsuntsu ne ake cewa yana da wuyar gani?

Ba hanya ɗaya ba ce. Akwai wanda Allah ya ajiye a ɗan ƙaramin yanki, idan ba can ka je ba ba za ka gan shi ba, irin ɗan jan tsuntsun duwatsun Jos. Akwai wanda yana nan da yawa amma mai ɓuya ne, ko da dare yake fita. Akwai ɓataccen baƙo da iska ta karkato da shi. Sai kuma rukunin da ya fi taɓa zuciya, wato waɗanda kakanninmu ba su taɓa ɗauka abin nema ba saboda yawansu: gauraka, ungulu, burtu, tuje, jimina. Suna cikin karin maganarmu da tatsuniyoyinmu, amma yaron da aka haifa a Kano ko Katsina cikin shekarun nan zai iya girma bai taɓa ɗora ido a kan ko ɗaya daga cikinsu a daji ba. Nijeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900, Nijar sama da 500, kuma waɗannan manyan su ne suka fi saurin ɓacewa.

Ai shamuwa kowa ya san ta. Me ya sa ake sa ta cikin lissafi?

Saboda da ita ake koyon aikin, kuma saboda garuruwan da take sauka suna canzawa ba tare da an rubuta ba. Shamuwa kan iso da ruwan farko, ta yi sheƙa a cikin gari, a kan tsamiya ko kuka ko gawo, wani lokaci a bishiyar ƙofar gidan mai gari. Ta yi ƙwai biyu ko uku, ta yi renon 'ya'yanta da fara da tsutsa da kwaɗi, sannan idan kaka ta yi ta kama hanyar gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke farawa a lokacin.

Tsaya ƙarƙashin bishiyar da hantsi ka dube ta da kyau. Daga nesa baƙa ce mai farin ciki, shi ke nan. Da ka kusanto za ka ga fatar fuskarta shuɗiya ce a lokacin sheƙa, da ɗan ja a gaban ido, gwiwoyi da tafin ƙafa jajaye a kan ƙafa mai ruwan toka. Za ka ji ana kaɗa baki ƙwas-ƙwas idan ɗaya ta sauko da kara a baki, ƙasa kuma duk ta yi fari da kashi. Mutanen gari na haƙuri da wannan ƙazanta domin sun ɗauke ta mai albishir da ruwa, ba a jifanta, ba a taɓa ƙwanta. Wannan kariyar ta al'ada ta yi mata abin da doka ba ta yi wa wasu ba.

Ƙauyukan Jigawa, Yobe, arewacin Katsina da Sakkwato, da na Maraɗi, Damagaram da Diffa, duk wuraren nemanta ne. Ƙirga sheƙuna nawa ne a bishiyar, ka rubuta ranar da ta fara sauka a garinku. Idan aka sare bishiyar, shekara mai zuwa ba lallai ta dawo garin ba.

Har yanzu ana ganin gauraka a daji a Nijeriya?

Da ƙyar. Shi ne tsuntsun da ake kira na ƙasa a Nijeriya, kuma a shekarun 1970 ana lissafa shi da dubbai, daga fadamun Sakkwato zuwa Tafkin Chadi. Yau kusan ya ƙare a matsayin tsuntsu mai hayayyafa a ƙasar. Dalilai biyu ne manya. Na farko kamu: an daɗe ana kama shi ana sayarwa don a ajiye a gidajen sarakuna da attajirai, kuma wanda ke tsakar gida ba kasafai yake haihuwa ba, don haka duk wanda ya mutu sai an koma daji an kamo wani. Na biyu fadamun da yake sheƙa a cikinsu da damina sun zama gonakin shinkafa ko sun bushe bayan an gina madatsan ruwa.

Inda har yanzu yake da ƙarfi shi ne kwarin Waza da Logone a arewacin Kamaru, da Zakouma a Chadi inda garke-garke ke taruwa a bakin tafkuna a ƙarshen rani, da wasu fadamu a yammacin Nijar. Farkon damina lokaci ne da garken ke watsewa, a rabu biyu-biyu ana neman wurin sheƙa. Idan ka ga biyu a wata fadama a Yobe ko Jigawa ko Borno cikin Yuni ko Yuli, da tuntun nan nasu mai ruwan zinariya da farin kunci mai ɗan ja, ka ga abin da ya cancanci a sanar da masana a ranar. Sai dai ka lura ko an datse masa fiffike, don wani lokaci na gida ne ya ɓalle.

Ungulu fa? Gaske ne ta zama abin nema?

Gaske ne, kuma wannan ya fi komai nuna yadda abu ya lalace. A da kowace kwata da kowace mahauta a kasuwar ƙauye tana da nata ungulaye a kan rumfa. Tambayi duk wani mahauci mai furfura, zai gaya maka rabon da ya gani. A 2015 hukumar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ungulun gari da wasu manyan 'yan uwanta uku na Afirka a mataki na ƙarshe kafin ɓacewa. Guba na kashe su, amma a yankinmu babbar matsalar ita ce cinikin kai da ƙafa da ƙwai don tsubbu. Cinikin har ya ƙetare iyaka: a 2014 wata ungulu da masu bincike suka maƙala wa na'urar bibiya a ƙasar Girka, a Nijar aka harbe ta don a sayar da sassanta.

Ga abin da ke sa asarar ta yi wuyar mayarwa: ungulun gari ƙwai ɗaya take yi a shekara. Da rani take sheƙa a kan doguwar bishiya, zuwa farkon damina ɗan ya tashi yana bin iyaye. Za ka gane yaron da duhun fuska da baƙin gashin ƙeya, babbar kuwa fuskarta ja-ja ce. Ganin yaro a Yuni shaida ce cewa akwai sheƙa a yankin. An ce ungulu ba ta jewar banza, to mai nemanta ma kada ya yi: ya tafi kwata da hantsi lokacin da iska ta fara ɗumi, ya duba sama da manyan bishiyoyin kewaye. Manyan ungulayen daji kuwa sai wurare irin Gashaka-Gumti, ko duwatsun Kutus a jihar Damagaram inda suke sheƙa a jikin dutse.

Ina zan ga burtu?

Yankari ta fi ko'ina sauƙi. Gandun yana jihar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, kuma an rubuta nau'in tsuntsaye sama da 350 a cikinsa. Burtu a ƙasa yake kiwo, yawanci mace da namiji, wani lokaci da ɗansu, suna taku a hankali cikin fili suna tsintar ƙadangaru da macizai da fara. Namiji na da jan maƙogwaro da shuɗi, mace shuɗi zalla. Baƙi ne wuluk har sai ya buɗe fiffike ka ga farin gashin bakin fiffiken. Kafin gari ya waye yake kukansa mai zurfi da ake ji daga nesa. Kogon babbar bishiya yake bukata, kuma yawanci ɗa ɗaya ke rayuwa. Mafarauta na neman kansa don su ɗaura a goshi su yi saɗaɗa, masu gawayi na sare bishiyar da yake kwana. Tsakanin waɗannan biyun ne ya ƙare a dazuzzuka da yawa.

A Yankari ka roƙi jagoran da aka ba ka ya bi da kai gefen Kogin Gaji. A nan ake ganin wani dogon tsuntsu ɗan gidan su shamuwa mai baki ja da baƙi da rawaya a gindin bakin, kuma an sha rubuta wata ƙatuwar mujiya ja mai kamun kifi a manyan bishiyoyin bakin kogin. Mayu da farkon Yuni sun fi, kafin ciyawa ta yi tsawo ta rufe komai, hanyoyin cikin gandun kuma su yi laka. Kada ka sa baƙar riga ko shuɗiya, ƙudan tsando na bin su.

Tuje kuma?

Babban tuje na hawowa arewa da ruwa, amma farauta ta rage shi ƙwarai, ganinsa sa'a ce. Akwai ƙaraminsa mai baƙin ciki da ke zaune a dajin ƙaya na Sahel, wanda ake jin fitonsa da damina fiye da yadda ake ganinsa. Makiyaya sun fi kowa sanin inda suke. Ka tsaya ka gaisa tukuna: "Sannu da kiwo, Baba. Ko tuje na sauka a nan wajen?" Amsar da za ka samu ta fi ta kowace taswira.

An ce akwai tsuntsun da kusan sai a Jos ake ganinsa. Wane ne?

Ɗan ƙaramin jan tsuntsu ne, ɗan uwan wanda ke tsintar tsaba a tsakar gidajenmu, amma shi a duwatsu yake zama. Masana na kiransa Lagonosticta sanguinodorsalis. Sai a 1998 aka tabbatar nau'i ne na daban, a aikin wani masanin tsuntsaye ɗan Amurka, Robert Payne. Bayan tsaunukan Jos an same shi a duwatsun Mandara da arewacin Kamaru. Abin da za ka duba shi ne bayan namijin, ja ne har gadon baya, kai mai ruwan toka, baki shuɗi-shuɗi, da 'yan ɗige-ɗigen fari a gefen ƙirji. Biyu-biyu suke yawo a gindin dutse inda ciyawa da 'yan itatuwa suka haɗu.

Wurin da aka fi saninsa shi ne dajin Amurum a Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos. Dajin bai fi kadada 300 ba, amma an rubuta nau'i sama da 300 a cikinsa, domin a nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ake kira APLORI, da aka kafa a 2001 tare da Jami'ar Jos da mutanen Laminga. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma na zuwa yin digiri na biyu a can. A nemi izini kafin a shiga.

Wannan jan tsuntsun yana da wani mai cin amanarsa, Vidua maryae, wanda ba ya sheƙa, sai dai ya saka ƙwansa a ta jan tsuntsun a rene masa. Namijinsa na kwaikwayon kukan wanda ya rene shi, kuma wannan kwaikwayon na cikin abin da ya ja hankalin masana. Sai dai kada ka je nemansa a Yuni. A lokacin bai sa baƙar rigarsa mai sheƙi ba, kuma ko gwani ba zai rantse a kansa ba. Ka bari sai ƙarshen damina zuwa kaka. A maimakonsa ka nemi kurciyar Adamawa mai jan ƙirji, da kazar dutse da ke kuka a kan duwatsu da sassafe.

Zuwa Nguru da Dagona a watan Yuni asara ce?

Idan taron agwagin Turai kake nema, e, ka makara. Amma fadamar na da wata fuskar a wannan lokaci. Ruwa ya yi ƙasa sosai, don ambaliyar Kogin Haɗeja da na Jama'are sai Agusta da Satumba take cika. 'Yan tafkunan da suka rage kan tara dinya da kirinjijiya da jinjimi da zarɓe wuri guda. Da ruwan sama ya fara cika kududdufai sai wasu ƙananan kajin ruwa masu ɓuya su iso daga kudu, ana ganinsu da sassafe a bakin ciyawa. Wani lokaci kuma a tarar da baƙon Turai da bai koma ba. Shahon nan mai kamun kifi, alal misali, 'ya'yansa kan zauna a Afirka ta Yamma har sai sun kusa shekara biyu, don haka ganinsa a Yuni ba kuskuren ido ba ne.

Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu, a 2000. Dagona a ƙasar Bade da Baturiya a Jigawa suka biyo baya a 2008. Duk da haka fadamar ba ta kai yadda take a da ba. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza yadda ruwa ke zuwa, kachalla kuma ta toshe mashigai da yawa, abin da masunta da manoma suka fi kowa kuka da shi. Ka ɗauki mai kwalekwale ɗan gari, shi ya san inda ruwa ya buɗe. Kuma kada ka tsaya a ruwa kaɗai, dajin ƙaya da ke kewaye yana da tsuntsayen Sahel da ba a samu a kudu.

Akwai abin gani da dare?

Akwai yautai. Ka bi hanyar burji a hankali bayan magariba, idanunsa za su yi ja a hasken fitila yana kwance a ƙasa. Nau'in da aka fi nema shi ne wanda namijinsa ke fitar da dogon gashi ɗaya a kowane fiffike, tsinke zalla da ɗan faffaɗan gashi a ƙarshe, tsawonsa ya fi jikin tsuntsun. Idan ya tashi sai ka rantse wasu ƙananan tsuntsaye biyu ne ke bin sa. Gashin na lokacin neman mace ne, daga baya ya zube, saboda haka Afrilu da Mayu a yankin Bauchi, Filato da kudancin Kaduna sun fi. Waɗanda ke isa can arewa da damina da yawa sun riga sun zubar. Fitar dare sai inda aka san ka, kuma da ɗan gari.

A Nijar da sauran maƙwabta ina ake zuwa?

Kusa da Maraɗi akwai Tafkin Madarunfa, a jihar Tawa akwai na Tabalak, dukansu ana isa ba tare da wahala mai yawa ba. Gadabeji a arewacin Dakwaro daji ne na Sahel da ke yin kore da damina. Jimina ta ƙare a dajin Nijar, amma a Kelle, yankin Gure, akwai cibiyar da ake kiwon jiminar Arewacin Afirka da niyyar mayar da ita daji. Gandun W a kudu maso yamma yana da arzikin tsuntsaye, sai dai matsalar tsaro ta rufe shi ga mai yawon kallo. Zakouma kan rufe idan ruwa ya sauka domin hanya ba ta biyuwa. Ga 'yan uwa na zango a Ghana, gandun Mole ya fi sauƙin zuwa, kuma akwai burtu da ungulayen daji a can.

Mambila da Gashaka fa?

Tsuntsayen tsaunuka da ba a samu a ko'ina a arewa suna dajin Ngel Nyaki da kewayen Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Amma ruwa na sauka da wuri a can, rafuka su cika, hanya ta yi santsi. Tafiyar rani ce, a bar ta sai Disamba.

Wane lokaci na yini ya fi?

Daga idar da sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Amma lokacin da ya fi duka shi ne bayan ruwan sama mai ƙarfi, ranar da shinge da gina suka tashi. Nemi suri ka tsaya nesa kaɗan. Shirwa za ta fara zuwa tana cafkewa da ƙafa tana kai wa baki ba tare da ta sauka ba. Tsattsewa su cika sama. Cilakowa ta sauko ƙasa tana tsalle, tsanwaka ta diro daga kan waya, balbela ta zo da gudu, har ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba su shiga rabon. A irin wannan taro ne ake tsintar wanda ba a zata ba, musamman ƙananan shahuna. Gonar da ake huɗa da shanu ma haka take, shamuwa da balbela na bin garma.

Me nake bukata? Kyamara mai tsada dole ce?

Ba dole ba ce. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar, ko da na hannu ne, sai littafin rubutu da biro. Wayarka na iya ɗaukar kukan tsuntsu, kuma sau da yawa kukan ya fi hoto mai dishi-dishi amfani. Littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma na Borrow da Demey shi aka fi amfani da shi, manhajar Merlin ta gane tsuntsaye kuma kyauta ce. Ka tafi da rufaffen takalmi saboda macizai na fitowa da ruwan farko, da leda don waya, da ruwan sha. Idan tsawa ta fara ka bar ƙarƙashin doguwar bishiya.

Yaya batun tsaro?

Wannan ba abin wasa ba ne. Wasu daga cikin dazuzzukan da suka fi tsuntsaye, irin Kamuku a Birnin Gwari, Sambisa, gefen Tafkin Chadi da sassan Kainji, ba wuraren zuwa ba ne a halin da ake ciki, komai kyan abin da aka ce an gani. Ko a wurin da yake lafiya, baƙo mai madubin hangen nesa a bakin daji abin zargi ne ga mutanen da suka sha wuya. Ka fara da gidan mai unguwa ko dagaci: "Ranka ya daɗe, mun zo kallon tsuntsaye ne a fadama, muna neman izini da wanda zai raka mu." Ka nuna musu hotunan da ke cikin littafin. Sau da yawa kafin ka tashi dattawan wurin sun ba ka sunayen rabin shafin da inda kowane yake kwana. Kada ka ɗaga madubi ko kyamara kusa da shingen jami'an tsaro, barikin soja ko madatsar ruwa.

Na ga tsuntsun da nake zaton baƙo ne. Me zan yi?

Kafin ka buɗe littafi, ka rubuta abin da idonka ya gani: girmansa, siffar baki, launin ƙafa, abin da yake yi, irin wurin, rana da lokaci. Wanda ya fara duba littafi yakan ga abin da ke cikin littafin ne. Ka ɗauki hoto ko da mara kyau ne, gani ya kori ji. Sannan ka tuna damina na cike da 'ya'yan tsuntsaye da ba su yi kamar iyayensu ba, da maza da ke tsakiyar sauya riga, su ne ke ruɗa yawancin masu farawa.

Daga nan ka shigar da shi inda zai yi amfani. Tun ƙarshen 2015 APLORI ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, sama da gida dubu 11. Mai sa kai yakan yi aƙalla awa biyu a gida ɗaya yana shigar da duk abin da ya gani a manhajar BirdLasser. Akwai tawagar matasan arewa, Arewa Atlas Team, da ke wannan aiki. Bayanan damina daga ƙauyuka su ne suka fi ƙaranci, don haka jerin da ka yi a bayan garinku, ko da kurciya da hankaka ne a ciki, yana cike gurbi. Ana kuma iya amfani da manhajar eBird a ko'ina.

In na sami sheƙa, in saka a Facebook?

Hoton tsuntsun ka saka, amma kada ka faɗi bishiyar ko ƙauyen idan ungulu ce, ko gauraka, ko burtu, ko aku. Masu kamu ma suna da waya. Ka aika ainihin wurin ga APLORI ko gidauniyar kare halittu ta Nijeriya, NCF, kai tsaye. Kada ka hau bishiya, kada ka kore uwa daga kan ƙwai don hoto, domin 'yan mintoci a rana ko a ruwa sun isa su kashe ƙwan, hankaka kuma na kallon inda ka tsaya. Kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito yana raba shi da sheƙarsa, a bar shi a wannan lokaci. Kuma kada ka sayi tsuntsun daji a kasuwa da sunan ceto, kuɗin da ka biya shi ke mayar da mai kamun daji gobe. Dokar Nijeriya ta 1985 kan cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta haramta cinikin da yawa daga cikinsu.

Idan ban samu fita a Yuni ba fa?

Agusta da Satumba lokacin mulufi ne, ja da baƙi a kan karan gero, da zalaidu mai doguwar jela. Oktoba shamuwa ke haɗa garke ta tafi, a daidai lokacin da baƙin Turai ke sauka. Wanda ke son ganin Vidua maryae cikin baƙar rigarsa ya nufi Amurum daga Satumba zuwa Nuwamba, mai son taron agwagi kuma ya jira Janairu ya tafi Dagona.